Shafi Arba'in da Biyu a Kan Kade Mullane

Shekara ashirin da shida Vince Zammit ya yi yana tuƙa tiram, jirgin ƙasan cikin gari, a yammacin Melbourne, shekara talatin da ɗaya kuma yana zama a wuri guda duk ranar da kulob ɗinsu na ƙwallo yake wasa a gida: bayan sandunan ci, layi na huɗu, inda iska take shiga ƙashi, inda manyan baƙi ba sa zama. Mahaifinsa, wanda ya zo daga Malta da akwati ɗaya, shi ne ya naɗa masa gyalen kulob ɗin a wuya, toka da kore, tun yana ɗan shekara biyar. A garin nan mutum yakan sake gida, ya sake sana'a, wani har ya sake mata, amma ba ya sake kulob.

Kulob ɗin bai taɓa ɗaukarsa aiki ba. Katin shiga suke ba shi, shi kuma ya kai musu rahoto a kan abu ɗaya da ya sani fiye da kowa: gajerun 'yan gaba. A ƙwallon garin nan, wadda ake cafkewa da hannu a buga da ƙafa, su ne masu zagaya ƙafafun dogaye, suna jiran ƙwallo ta kuɓuce daga hannuwan da suka yi tsalle, su tsince ta, su buga. Masu tsintar ɓarɓashi ake ce musu. Ƙa'idar Vince kuwa ita ce ba ya kallon ƙwallo. Ƙafafun gajeren yake kallo tun kafin ta iso, ya rubuta inda ya tsaya da dalilin tsayuwarsa. Fai ɗin naman da yake saya kullum, wato gasasshen fulawa mai nama a ciki, sai ya huce kafin ya tuna da shi.

A shekarar da nake ba da labarinta, gajeren da ya fi ji da shi shi ne Kade Mullane, ɗan shekara ashirin da huɗu. A kakar wasan da ta gabata ya ci ƙwallo talatin da tara. A wannan, goma sha biyar. Da wasanni suka ƙare, watan Oktoba ya kawo makon musayar 'yan wasa, sai masu surutu a rediyo suka yanke hukunci cewa yaron ya ƙare.

"Ya ƙare a gidan uban wa?" in ji Vince, yana buga cokali a kan tebur. "Wannan mai maganar ya taɓa zama a bayan sanduna? Yana can cikin ɗakin gilashi yana cin kaza!"

Matarsa Noelene ta rage muryar rediyon. "Kai tsohon nan, ba ya jin ka. Ni nake jin ka, kuma ban sayar da kowa ba. Sha shayinka, in kana da magana ka kai wa masu ita."

Ya kai. Hamish Pryor ne mai kula da jerin 'yan wasa da cinikinsu, matashi mai ladabi da allon kwamfuta biyu a kan teburinsa. Ya juyo da ɗaya don Vince ya gani.

"Dattijo, duba da kanka. Talatin da tara, goma sha biyar. Ba ni na ƙirƙiro ba. Wani kulob a tsallaken kogi ya taya shi da zaɓi na arba'in da ɗaya a zaɓen sababbin yara, wato sai an ɗebi yara arba'in kafin mu ɗauki namu. In na jira baɗi, ko wannan ba zan samu ba."

"Arba'in da ɗaya! Ka haɗa musu da takalmansa da tawul, su ji daɗin kyautar." Vince ya ture allon gefe. "Wa yake tsalle a gabansa bara?"

"Halloran."

"Halloran, madalla. Hannunsa kamar katako, ba ya cafke komai, amma duk ƙwallon da ta zo sai ya sauko da ita gabansa, ɗan hagu kaɗan. Nan Kade yake cin abinci. Kuka sallami Halloran, kuka kawo wannan dogon banzan, Stanic, wanda ko dai ya cafke don a ɗauke shi hoto, ko ta wuce ta bayan ƙeyarsa. To me gajere zai tsinta? Ciyawa?"

Hamish ya ce, "Za ka iya rubuta mini wannan? Dalla-dalla, wasa bayan wasa?"

Vince ya ɗauka an saurare shi. Wannan ne kuskurensa, kuma kuskure ne na wanda ya yi shekara talatin da ɗaya yana ganin shi da kulob abu ɗaya ne.

Kwana biyar ya yi a teburin kicin da littattafansa na kakar nan, yana karantowa, Noelene tana bugawa da yatsa biyu tana mita. Sau ɗari biyu da goma sha ɗaya Kade ya tsaya daidai inda ya kamata, sau sittin kacal ƙwallo ta faɗo. Sau nawa ya kori mai tsaron baya har ya kayar da shi, an rubuta. Sau nawa mai tsaron baya ya ji takunsa a bayansa, ya firgita ya buga ƙwallo ga wanda ba nasu ba, wani ya ci, aka rubuta cin da sunan wani: talatin da uku. Shafi arba'in da biyu, babu layi ɗaya na zato. A shafin ƙarshe ya sa aka rubuta: a ba shi dogon da zai sauko masa da ƙwallo, zai ci arba'in.

Ranar Laraba da hantsi yana yanke wardin Noelene sai waya ta yi ƙara. Hamish ne, muryarsa cike da fara'a.

"Dattijo, ka yi mana aiki! Na tura musu rahotonka ranar Litinin. Da suka karanta, daga arba'in da ɗaya suka hau zuwa zaɓi na goma sha tara. Goma sha tara fa! An gama, an sa hannu. Kowa a nan yana yaba maka."

Vince ya tsaya da almakashi a hannu.

"Ka tura wa wa?"

"Su masu sayen. Ai ka san yadda abin yake."

"Na rubuta maka don ka riƙe shi."

"Na sani, abokina, amma an riga an yanke shawara tun watan Agusta. Farashi ne kawai ya rage."

"Kada ka ce mini abokinka! Tun Agusta? Ka zaunar da ni, ka bar ni ina ta zuba kamar mahaukaci, ka sa matata ta yi kwana biyar tana lalata idonta, ashe takardar talla kake nema? Ni ka mayar dillali? Da hannuna na wanke yaron nan na kai shi kasuwa!"

"Dattijo, kulob ya amfana."

"Kulob ya yi asarar gajeren da ba zai sake samun irinsa ba sai bayan na mutu. Kai kuma ka karanta shafi arba'in da biyu, ka yarda da su har ka sayar da su, amma ba ka yarda da su ka yi aiki da su ba."

Ya kashe wayar. Da yamma ya hau tiram, ya je ofishin kulob, ya ajiye katin shigarsa a gaban mai karɓar baƙi, ya ce a ba Mista Pryor ya tura wa masu saye, wataƙila su ƙara wani abu.

Noelene ta zaci ya bar zuwa ke nan. Da kakar wasa ta dawo sai ta gan shi yana naɗa gyale.

"Ina ce kun ɓata?"

"Da Pryor na ɓata. Kulob na ubana ne."

Ya bi layi kamar kowa, ya sayi tikiti, ya zauna a layi na huɗu. A mako na bakwai Kade Mullane ya dawo filin cikin rigar kulob ɗin tsallaken kogi, da wani dogo mai hannun katako a gabansa. Jama'a suka yi masa ihu kamar yadda aka saba yi wa duk wanda ya tafi. Vince bai yi ihu ba, bai kuma tafa ba. Ya ga ƙafafun sun karkata hagu tun ƙwallo tana sama, ya san abin da zai biyo baya, ya rubuta kafin ta ratsa sanduna. Sau biyar ya yi haka a ranar, haƙoransa a cije, alƙalaminsa yana huda takarda.

Wani maƙwabcinsa a layin ya leƙo littafin. "Wa kake rubuta wa yanzu, Vince?"

"Ba kowa," in ji shi, ya rufe littafin ya sa a aljihun ciki. "Kuma ba mai sake gani."