Uwar Aro

Sannu-Sannu ake ce masa a garejin kamfani, saboda tun da ya kama sitiyari ba a taɓa ganin ya wuce wata mota a hanya ba sai wadda ta lalace. Dogon mutum ne mai furfura a gemu, ba ya fushi, ba ya ɗoki, dariyarsa ma ba ta kai haƙora. In ka ce masa gobara ta tashi, sai ya fara tambayar ka a wane layi. Yanzu bas ɗin ma'aikatan wani kamfanin sabulu yake ja, da safe ya kwaso su, da yamma ya mayar da su. Kafin nan kuwa ya yi shekaru yana tuƙa wani mawaƙi, irin wanda ake liƙa hotonsa a bayan motoci da shagunan aski. Har yau Maigida yake ce masa. In aka matsa masa da tambayar yaya mutumin yake in ba ya kan dandamali, sai ya ce mutum ne mai yawan barci a mota.

Abu ɗaya Sannu-Sannu ya mallaka da bai taɓa buɗe wa kowa a gidansa ba, shi ne labarin mahaifiyarsa. Ta rasu tun bai yi aure ba, ba ta bar hoto ba, ba ta bar ko ɗan kunne ba. Mai shara ce a wata makarantar firamare. Ba ta iya karatu ba, amma duk takarda mai rubutun inji da ta tsinta a ƙarƙashin benci ba ta kai ta bola. Sai ta kawo gida, ta miƙar da ita da dutsen guga, ta haɗa da 'yan'uwanta ta ɗinke. Wannan ne littafinsa na farko. Shafi ɗaya labarin wani kare, na gaba lissafi, na gaba sassan jikin kifi. Ita a zatonta duk labari ɗaya ne, shi kuma don kada ta ji kunya, in yana karanta mata sai ya riƙa ƙirƙiro hanyar da karen zai bi ya isa wurin kifin. Tana tsintar shinkafa tana cewa, to sai me ya faru?

'Yarsa ya ajiye wa labarin, ita da ta ci sunan marigayiyar, shi ya sa Mamana yake kiranta. Ya ce sai ta yi wayo. Ta yi wayo, ya ce sai ta gama makaranta. Ta gama, har ta samu aiki a wani kemis, ya ce sai an samu ranar da ta dace. Ai sannu ba ta hana zuwa, in ji shi, ya manta da ƙarashen maganar, wato sai dai a daɗe ba a je ba.

Sau ɗaya tak bakinsa ya kuɓuce, kuma sana'a ce ta ja masa. A shekararsa ta ƙarshe da Maigida, masu buga littafi suka turo wata marubuciya mai tabarau don ta rubuta tarihin rayuwar mawaƙin. Maigida ba shi da lokacin zama, sai aka ce ta riƙa bin su a doguwar tafiya. Takan kunna wayarta don ɗaukar murya, ta ajiye tsakanin kujeru, ta yi tambaya. Maigida ya amsa ta farko, ya fara ta biyu, sai minshari. Wata rana bayan cin abinci, rana ta take, hanya ta miƙe ba kwana, Sannu-Sannu ya ji gyangyaɗi na lallaɓo shi. Duk direban ƙwarai ya san maganin wannan: ka yi ta magana, ko da kujera ce. Ya nemi izini, ta ce bismillah. Yana kallon kwalta ya ba ta labarin tun daga shara har zuwa kifi, don faɗa wa gilashin mota ya fi sauƙi a kan faɗa wa fuskar mutum. Suka isa lafiya, ya manta da zancen.

Mutanen da yake ɗauka yanzu ba masu riƙe littafi ba ne. Ta madubi yana ganin su, kowa ya sunkuyar da kai, babban yatsa na ta aiki, a karanta layi biyu a wuce, a yi tsaki, a wuce. Mamana ma haka take, in ba kwalin magani ba to waya. Amma da littafin Maigida ya fito, tab, sai ka ce an raba kyauta! Wanda rabonsa da littafi tun jarrabawar ƙarshe, ga shi da shi a hammata. Wanda bai saya ba an ɗauko masa hoton shafuka a waya. Ni dai na ce ba karatun ake so ba, so ake a ji cewa na sama ma ya taɓa yawo ba takalmi, don a samu abin faɗa wa kai in an tashi da asuba za a kama bas.

Wata yamma, wata mata daga sashen shirya kaya ta ce a yi shiru a ji wani wuri. Ta ɗaga murya tana karantawa. Mahaifiyar mawaƙin, in ji littafin, mai shara ce a makaranta. Tana tsinto takardu, tana goge su, tana ɗinkewa. Ga kare, ga lissafi, ga kifi, ba abin da aka rage. Wani a baya ya ce Allah ya jiƙan iyaye mata, bas ta amsa da amin.

Sannu-Sannu ya sa sigina, ya tsaya a danja. Ya jira ya ji zuciyarsa ta buga, ko hannunsa ya yi rawa, bai ji komai ba. Ya lura dai man mota ya kusa kwatan tanki, kuma madubin hagu na so a ɗaure shi. Ya san mahaifiyar Maigida sarai, ya sha kai ta asibiti, 'yar kasuwa ce mai shago biyu da bakin da ba ya gajiya. Koriyar fitila ta kama, ya ja mota. Ya sauke kowa a inda ya saba sauka, ya koma gareji ya share tsakanin kujeru.

Bayan kwanaki ya laluɓo lambar marubuciyar. Ta gane shi, ta yi ta gaisuwa. Da ya faɗi abin da ya kawo shi sai ta ce muryoyin da ta ɗauka suna da yawa, ga ƙarar inji, kuma wani ne ya juye su a takarda ba ita ba. Ta ce ita ma ta ɗan yi shakka, amma da aka karanta wa Maigida babin, hawaye ya yi, ya ce wallahi haka mahaifiyarsa take. Ta ce in za a sake bugawa za ta sa sunansa a cikin waɗanda aka gode wa. Sannu-Sannu ya ce ba komai, ya tambayi lafiyar yaranta, ya kashe waya.

An ce kayan aro ba ya rufe katara. To wannan ya rufe har idon sawu. A talabijin aka nuno Maigida yana ba da labarin da bakinsa, yana share ido da hankici, har ya ƙara da cewa yana jin ƙamshin takardar in ta sha guga. Sannu-Sannu ya kalle shi da kyau, kuma abin haushin, bai ga alamar ƙarya a fuskarsa ba. Mutumin ya yarda. Matar Sannu-Sannu ta ce Allah sarki, ashe shi ma ya sha wuya, shi ya sa yake da tausayi. Sannu-Sannu ya ce a rage ƙarar, maƙwabta na da jariri.

Ranar hutunsa, da hantsi, ya iske Mamana a falo ta miƙe ƙafa kan kujera, littafin a cinyarta, waya a hannu. Karo na biyu ke nan tana karanta shi, ita da ba ta taɓa gama littafi don ra'ayin kanta ba. Ya zauna a bakin kujera, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Bai ji ranar ta dace ba, ya dai ga in ya ƙara jira ba abin da zai saura. Ya fara a hankali, yana kallon tabarmar ƙofa. Ya faɗi makarantar, ya faɗi tsintsiya, ya faɗi yadda take lasar bakin zare kafin ta zura a allura, baƙin zare na ɗinkin buhu.

"Ja ne, Baba," in ji Mamana, ba ta ɗago ba. "Jan zare. Yana shafin nan, bari in nuna maka."

"Mamana, kakarki nake gaya miki. Uwata ce."

Ta ajiye waya, ta dube shi da tausayi, irin kallon da take yi wa tsofaffin da suka manta sunan maganinsu. Ta ce ta sani, ta gane abin da yake nufi.

"Kowa haka yake cewa, Baba. Jiya ma wani dattijo ya zo sayen maganin hawan jini, ya ga littafin a kan kanta, ya ce wannan ai uwarsa ce sak. Shi ya sa littafin ya yi daɗi."

Ta ce in yana so ta bar masa ya karanta, amma kada ya naɗe shafi, na abokiyar aikinta ne. Ta tashi ta ɗora masa a gwiwa kusa da hular, ta shiga ciki ɗora ruwan shayi.

Ya zauna da littafin bai buɗe ba. Ya rufe ido ya nemo hannun mahaifiyarsa, ya same shi, ga yatsun, ga allurar. Ya duba zaren, ya sake dubawa, ya kasa tuna ko baƙi ne ko ja.