Ranar da Na Toshe wa Injin Gwajin Jini Hanya

Shekarun baya, lokacin da nake ganin babu abin da ya gagare ni a kwamfuta, ni ke kula da ta wani ƙaramin ɗakin gwajin jini a Laranto. Mai wurin Bayarabiya ce, muna kiranta Mama. Kwamfutar tsohuwa ce, ita ke karɓar sakamako daga injin gwaji ta wani kati da aka soka a cikinta.

Nauyinta ya dame ni, sai na ce bari in sake haɗa mata kanel, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da komai. Kafin a haɗa, akwai jerin zaɓuɓɓuka, ciki har da sashen bas, hanyoyin da kwamfuta ke magana da kayan da aka jona mata. Masu manhajar sun bar wasu a kunne tun asali. Na ga wata tsohuwar hanya, na ce wa ke amfani da wannan yanzu? Na kashe ta. Tsohon kanel ɗin ma na goge, don tsabar yarda da kai.

Litinin da safe kwamfuta ta tashi da sauri, har ina murmushi. Amma ba ta ga injin ba. Benci ya cika, a gaba akwai wata mata da ta taso daga Kuru da mijinta, yana rawar ɗari cikin bargo, likita na jiran sakamakonsa kafin ya ba shi magani.

Mama ta leƙo. "Malam, injin ya lalace ne?"

"A'a Mama, minti kaɗan."

Nan take na kira abokina da ya koya mini aikin, yana ofis a Rayfield.

"Me ka taɓa?"

Na faɗa masa. Ya ce, "Katin nan a kan hanyar da ka kashe yake. Mayar da komai yadda ka same shi, ka sake haɗawa. Ka yi addu'a kada a ɗauke wuta."

Kusan awa guda rubutu na gudu a fuskar kwamfuta. Duk tarin da mutumin ya yi sai in ji shi a ƙirjina. Matar ba ta yi faɗa ba, ƙofa kawai take kallo, wannan ya fi damuna.

Da injin ya yi ƙara ya fara aiko da lambobi, Mama ta fara da jinin mijin matar. Zazzaɓin cizon sauro ne, kuma ya warke.

Daga baya na gaya wa Mama gaskiya. Ta ce, "Na sani. Fuskanka ya faɗa mini."

Har yau, idan na ga zaɓin da ban san dalilin barinsa a kunne ba, nakan ɗauke hannu in fara tambaya. Wani na zaune a benci yana jira.