Benci a Bakin Tekun Ingila, Kabari a Alƙahira

Shekara uku ke nan da rasuwar yayata Bilkisu a nan Alƙahira. Na so ranar ta wuce shiru kamar bara, in yi mata addu'a in koma ga karatuna. Mijinta ne ya hana. Makon jiya ya saka wani dogon rubutu a shafinsa na sada zumunta, yana koya wa jama'a abin da za su gani da abin da za su yi idan sun samu ɗan hutu a ƙauyukan Ingila da bakin tekunta, ya kuma rufe da sunanta. Tunda shi ya fito da ita bainar jama'a, ni ma ina da ta cewa.

Ba zan kama sunansa ba, Alhaji muke ce masa. Aiki ne ya kawo shi Masar a 2011, wani kamfani ya ba shi gida a Ma'adi, unguwar bishiyoyi da Turawa. Ni kuwa ɗaliba ce, sai Yaya ta ce babu dalilin da zan zauna a ɗakin haya tana gari ɗaya da ni. A gidansu na ga yadda aka shirya tafiyarsa ta farko zuwa Ingila tun daga tushe.

Tafiyar ta Yaya ce. Wata maƙwabciyarsu Baturiya ce ta nuna mata hotunan garinsu a kudancin Ingila, fararen duwatsu sun miƙe tsaye a kan teku, ciyawa kore shar har bakin gaɓa. Yaya ta dawo gida tana cewa ita dai kafin ta tsufa sai ta tsaya a wurin nan iska ta buge ta. Alhaji ya yi mata dariya, ya ce wa zai bar kantunan Landan ya tafi kallon tumaki. Ta yi ta lallashi har ya yarda. Biza ta fito a farkon 2012. Kafin ranar tashi ta zo, ciwon ƙodar da take fama da shi ya kwantar da ita, likita ya ce ba inda za ta.

Ina zaune a gefen gadonta a asibiti ya shigo da ƙamshin turarensa. Ya tambayi jiki, ya duba agogo, sannan ya ce hutun da ya ɗauka a ofis ba ya dawowa, bizar ma tana da wa'adi.

"Ma'alish, ba komai, Alhaji, ka je," in ji ta. "Ka gano mini."

Duk macen da ta ji muryar da ta faɗi maganar da ita ta san roƙo take ya zauna. Shi ma ya sani. Ya ce, "To, khalas, shi ke nan, tunda kin ce." Ya tafi da wani abokin aikinsa.

Jikinta ya rikice bayan tafiyarsa. Na kira wayarsa har na gaji, ba ta shiga. Daga baya shi da bakinsa ya bayyana mana dalili: yana kan wata doguwar hanyar ƙafa da ke bin saman duwatsun, wai a can babu sabis. Mutumin da ko tashar metro, jirgin ƙasan cikin gari, ba ya iya takawa sai direba ya kai shi, ranar ya wuni yana tafiyar ƙasa don nishaɗi. Da saƙo ya same shi, ya ce a yi mata sutura kada a jira shi. Hajja Nafisa, wata dattijuwa Bahaushiyar Sudan da ke zaune a unguwar Arba wa Nus, ita ta yi mata wanka. Ɗalibai 'yan uwanmu suka sallace ta, suka kai ta.

Ya iso ana zaman makoki. Ranar farko ya yi kuka, ban hana masa wannan ba. Amma kafin a share makoki na ji muryarsa daga falon maza yana ba masu gaisuwa labari. Wai akwai wani ƙauye da duk gidajensa rufin ciyawa ne, kamar zanen hoto. Wannan mutumin a gidan rufin ciyawa aka haife shi, kuma ko da wasa ba ya son a ambaci sunan ƙauyensu a gaban baƙi. Sai da ya ga bunu a kan ɗakin Bature ya gane abin ɗauka a hoto ne. Ya ba su labarin soyayyen kifi da dankali da ake naɗowa a takarda, da yadda wani tsuntsun teku ya fizge nasa daga hannu. Wani ya yi dariya, ya tuna inda yake, ya mayar da ita tari.

Tun daga lokacin kowace shekara sai ya koma. Yanzu ya zama malami a fannin. A rubutunsa na makon jiya ya ce ka tashi da wuri ka ga hazo a kan tuddai, ka shiga tsohuwar coci ka ji sanyin dutse, ka sha shayi da la'asar a ƙaramin shago, kada ka manta da rigar ruwa domin samaniyarsu ba ta da alkawari. Ya ce bakin tekunsu tsakuwa ce, ka sa takalmi mai ƙwari. Har da nasiha, wai ɗan Adam yana bukatar ya kashe waya ya saurari zuciyarsa. A wannan kam na ba shi gaskiya, ya ƙware.

A ƙarshe ya kawo abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Turawan can suna da al'adar kafa benci a bakin teku, su manna ɗan ƙarfe da sunan mamacinsu. Alhaji ya sa an kafa wa Yaya. Ga hotonsa a kai, ya harɗe ƙafa, ya yi tagumi yana kallon ruwa, a ƙasa ya rubuta cewa ya cika mata burinta. Mutane suna ta zuba masa addu'a, wata har tana cewa Allah ya ba kowace mace miji irinsa. Kabarinta yana nan gabashin gari, bai kai nisan filin jirgin da yake bi ya tafi Ingila ba. Na tambayi mai gadin maƙabartar, na kwatanta masa shi da motarsa. Ya ce tun zuwan farko bai ƙara ganinsa ba.

Nakan tambayi kaina me Yaya za ta ce da ta ga wannan. Ba za ta yi fushi irin nawa ba, ita ba ta iya riƙo ba. Ina jin za ta ƙura wa hoton ido, ta ce wurin ya yi kyau yadda ta zata. Sannan ta tambaya ko masu zama a bencin sun iya furta sunan, ko dai karnukansu ne kawai ke shinshinarsa. Tana da irin wannan bakin, a hankali take yanka.

Abin da mijinta bai taɓa rubutawa ba, domin bai taɓa lura ba, shi ne inda take wuni idan ya tafi ofis. Duk ɗalibar da aka kwantar a asibiti, daga Sakkwato take ko daga Damagaram, Yaya za ta dama kunu ta hau metro ta je ta zauna da ita, ta yi mata tafinta da guntun Larabcinta, ta yi faɗa da ma'aikata idan ta kama. Bayan rasuwarta Hajja Nafisa ta tara matanmu, suka ce wannan aiki ba zai mutu ba. Babu suna, babu shugaba. Waya ce kawai: akwai tamu a asibiti kaza, wa ke da sarari?

Watan da ya wuce aka yi wa wata yarinya 'yar Gusau tiyata, sabuwar zuwa, ba ta san kowa ba a garin nan. Da ta farfaɗo ta ga wata mata da ba ta taɓa gani ba zaune kusa da ita da fulas a cinya. Ta ce, "Baba, wa ya aiko ki?"

Matar ta gyara mata filo, ta ce, "Wata ce, ba ki san ta ba. Ta riga mu gidan gaskiya. Tashi ki sha tun da zafinsa."

Allah ya yalwata miki makwanci, Yaya, ya sa kina inda iska ta fi ta ko'ina daɗi.