Bargon da Muka Rufa wa Sajan

Cikin duk shekarun da na yi ina gadi, rana ɗaya ce ta ƙi fita daga kaina: ranar da muka rufa wa kare bargo a watan Afrilu, a nan Mubi. Ku sababbin masu gadi, ku riƙe dariyarku tukuna.

Lokacin ina aiki gidan Mama Saratu a Yelwa, wata dattijuwa 'yar Michika da mijinta ya rasu. Aikina buɗe ƙofa, ba fulawa ruwa, da tayar da janareta. Ɗanta Bitrus yana Abuja. Da ya ga tsohuwa ba ta da abokin hira sai rediyo, sai ya aiko mata da kare irin wanda ake kira buldog. Gajere ne mai faɗin ƙirji, fuska a yamutse kamar an zauna a kanta, hanci ya shige ciki. Na ce, "Mama, ai wannan Sajan ne." Sunan ya bi shi.

Tun farko na kafa sharaɗi: ni mai salla ne, yawunsa ba zai taɓa rigata ba. Sajan bai san da wannan magana ba. Kafin wata ya ƙare, ni ne mai goge masa lungunan fuska da tsumma, don in an bar su sai su yi wari. Gadi kuwa, ɓarawo zai tsallake shi yana minshari. Amma Mama ta farfaɗo. Da shi take hira, da shi take faɗa, har dariyarta muka sake ji.

Da zafi ya kankama, sai numfashinsa ya koma kamar tsohon injin niƙa. Mama ta kira ni.

"Baba Ali, ka ji ƙirjin yaron nan? Mura ce."

Ni da ko aji biyu ban gama ba, na kara kunne kamar babban likita. Na ce, "Fanka ce, Mama. Sanyi ya shige shi."

To, kun san yadda muke yi wa 'ya'yanmu: a kashe fanka, a hana ruwan sanyi, a shafa man zafi, a lulluɓe yaro ya yi gumi. Haka muka yi masa. Mama ma da bargon marigayi ta rufe shi, ta ja taga.

Ina dawowa daga sallar azahar na ji tana kwaɗa mini kira. Harshen Sajan ya yi shuɗi, kumfa a baki, ƙafafu sun ƙi tsayuwa. Na tare keke, muka nufi likitan dabbobi can wajen kasuwar shanu.

Likita ya shinshina jikinsa. "Wa ya shafa masa wannan?"

"Ni ce, ɗana," in ji Mama.

Yana kwara masa ruwa yana yi mana bayani: kare ba ya gumi irin namu, da haki yake fitar da zafi, shi kuma wannan hancinsa gajere ne. Ƙarar da muke ji ba mura ba ce, iska yake nema. Ruwan bai yi amfani ba. A kan teburin likitan ya tafi.

A keke muna dawowa, Mama ta rungume bargon. Da Bitrus ya ce zai aiko wani, ta ce, "Bari, ɗana. Garin nan ba nasu ba ne." Ta koma wa rediyonta.

Abin da na ɗauka shi ne, mu masu aikin gida mun fi son a ce mun sani. Yanzu duk maigidan da ya ce zai kawo irin karen nan, tambaya nake jera masa: ina ɗaki mai iska, wa zai kula da shi in an ɗauke wuta, ka je wurin likita tukuna? Wasu su ji, wasu su ce tsoho ya cika surutu.

Yana raye na yi ta wanke riga saboda yawunsa, ina zagin Sajan. Har na bar gidan, in rana ta take wuri ya yi tsit, minsharin nan nake kasa kunne in ji.