Ranar da Malam Ya Taɓa Min 'Yan Gaba

Mijina ya taɓa min ƙungiya ba da izinina ba, kuma har yau ban ce na yafe ba.

Wasan a wayata yake. 'Yata ce ta sa min shi lokacin da na shiga makarantar manya, wai in riƙa gwada karatun Turanci. Ba kai kake buga ƙwallon ba. Kai ne koci, kai za ka jera 'yan wasa, ka ce wane ya tsaya nan, wane ya ruga can, sannan ka zauna kana cizon yatsa. Na fara don karatu, na ƙare ina yi wa mai tsaron gida faɗa kamar ni na haife shi.

Ni tsarina tsarin jinga ne. Duk wanda ruwan Haɗeja ya taɓa ci masa shinkafa ya san toshewa ake fara yi. Na tara mutane a baya, na bar mutum ɗaya tilo a gaba yana yawo kamar maraya. Ba a cin mu, mu ma ba ma cin kowa. Canjaras ya yi yawa har masu ƙungiyar suka turo gargaɗi, na haɗa baƙaƙen da kaina na karanta: wasa biyu suka rage, in ban ci duka ba, kora.

Ran nan na bar wayar tana caji na tafi makaranta. Na dawo da la'asar na tarar da Malam a gindin darbejiya, taru a cinyarsa wai yana ɗinki, yana ta murmushi shi kaɗai.

Ya ce, “Koci, sannu da dawowa. Yaranki sun ci uku.”

Na ce, “Wa ya aike ka?”

“Tausayi. Yaron nan na gaba ko mai ba shi ruwa babu.”

Malam bai san harafin boko ko ɗaya ba. Ɗigo-ɗigon da ke kan filin ya riƙa ja da yatsa. Ya kai mutum biyu can gefe da gefe, ya tura na tsakiya suka matso, ya sa wani dogo a bakin ragar abokan karawa. Ya ce haka ake jan taru, a buɗe baki biyu a zagayo, kifi da kansa zai taru a tsakiya.

Na duba bayan, fayau. An zura mana biyu, saura ƙiris a rama na ukun.

Na ce, “Malam, wannan ai gida ka bari ba ƙofa.”

Ya ce, “To, ke kin shekara kina gadin ƙofa, me kika kama?”

Tuwo dai na ba shi, amma miyar ban cika masa ba.

Saura wasa ɗaya, da masu saman tebur. In na koma jingata, canjaras ne, a kore ni. In na bar tarunsa yadda yake, waɗannan ba za su tsaya a biyu ba. Ga kuma abin da ya fi ci min rai, ban gane yadda ya sa na gefen suke lanƙwasowa ciki ba.

Da safe, kafin ya ɗauki gorarsa ya nufi kogi, na dawo da mutum ɗaya baya, na ajiye masa kunu, na zauna a gefensa da wayar a hannuna gam.

Na ce, “Nuna min yadda ka yi da na gefen nan. Da baki, Malam. Yatsan ya zauna a kan ludayi.”