Jabun Birki a Kwalin Orijinal

Abubuwa da yawa sun same ni a shekarun da na yi ina tuƙa a-kori-kura tsakanin Batsari da ƙauyukanta, kuma mafi yawansu sun bi ruwa, sai an tuna mini nake tunawa. Amma abin da na yi wa wani tsohon makanike a kan kayan birki, wannan kam ina jin da shi za a kai ni kabari. Ba zan manta ba. Gaskiya ma ba na son in manta, don ban cancanci wannan sauƙin ba.

Baba muke ce masa, duk direbobin tasha. Abokin mahaifina ne tun suna samari, kuma bayan rasuwar mahaifina shi ya tsaya mini har na mallaki mota. Garejin nasa ba wani gareji ba ne, gindin darbejiya ne da akwatin sifanoni da wani benci mai ƙafa uku da rabi. Sai dai yana da ƙa'ida guda da kowa ya sani. Komai na mota ka kawo zai ɗaura maka, na gwanjo ne ko ɗan kwaikwayo, ba ruwansa. Ban da kayan birki. In birki ne, ko dai orijinal na kamfanin motar, ko ka ja abarka ka kai wa wani. Mukan yi masa tsiya mu ce kamfanin na ba shi la'ada a ɓoye. Sai ya yi dariya ya ce, "Fitila in ta mutu ai sai ka tsaya. Birki in ya mutu, da mi za ka tsaya?"

Wanda bai san hanyoyinmu ba zai ce tsohon yana da tsanani. Mu da ke bin su mun san dalili. Tun da ɓarayin daji suka addabi yankin, akwai wuraren da direba ba ya rage gudu ko da kuwa rami ne a gabansa. Ka taka totur har ƙasa ka wuce, fasinja na salati, sannan da ka hango rufin kwanon ƙauye ka danne birki da dukan ƙarfinka, da buhuna a baya da mutane a kan buhunan. Birkin da zai yi wa ɗan birni shekara, mu wata uku ya gama aiki.

Akwai kuma wani abu da ni kaɗai na sani. Idon Baba ya fara yana. Sau biyu ina kai shi asibitin ido a Katsina, mu ce wa mutane sayen kaya muka tafi. A hanyar dawowa ta biyu ya dafa gwiwata ya ce, "Ɗana, wanga zance ya tsaya cikin motar nan. Hannuna na gani ko ido bai gani ba, amma mutane ba za su fahimta ba." Na ce, "Haba Baba, ko matata ba za ta ji ba." Kuma har ga Allah a lokacin da zuciya ɗaya na faɗa.

Da kaka ne abin ya faru, ana tsakiyar jidar wake. Motata ta fara wani irin ƙara in na taka birki. Baba ya kwance ƙafar gaba, ya zaro fad ɗin, wato ɗan ƙarfen nan mai fata a manne wanda ke damƙe ƙafar mota ta tsaya. Ya shafa shi da babban yatsa ya ce fatar ta cinye, ƙarfe ke cin ƙarfe, in je in kawo sabo.

Na tafi shagon mai sayar da kayan mota. Ya ce orijinal ya ƙare, sai an aiko daga Katsina, kwana biyu, kuma kuɗinsa ya ninka na sauran har uku. Ni kuwa washegari ina da lodin wake a Wagini, in ban je ba wani zai ɗauke. Mai shagon bai cuce ni ba, dole in faɗi wannan. Ya ajiye mini kala biyu a kan kanta. Ya nuna na farko ya ce, "Wannan ba na kamfani ba ne, amma mai dama-dama ne, ana amfani da shi lafiya." Ya ture na biyun da bayan hannu ya ce, "Wannan kuwa na mai zagaya gari ne da iyalinsa. Ni ban ce ka yi lodi da shi ba."

To ga inda wayona ya kai ni. Ni a wancan lokacin ina ganin duk Batsari ba wanda ya fi ni dabara. Na ce a raina, kowanne na ɗauka Baba ba zai ɗaura ba, dole sai na yi masa ƙarya. Tun da ƙaryar ce dole, to gara in yi mai riba. Na ɗauki na banzan. Sannan na ce ya ba ni fankon kwalin orijinal, irin waɗanda yake tarawa a ƙarƙashin kanta. Ya dube ni, ya girgiza kai, ya miƙo.

Za ka ce me ya hana ni kai motar wani garejin, ga su nan birjik, ko dutse ka kawo za su ɗaura maka. Kunya ce ta hana ni. A ga ɗan abokin Baba ya ajiye mota a gindin wata bishiyar da ba tasa ba, kafin la'asar zance ya zagaye tasha, a ce na raina uban da ya riƙe ni. Wai ina jin nauyin tsohon. Na ji nauyin in guje masa a gaban mutane, amma ban ji nauyin in yaudare shi mu biyu ba. Har yau in na tuna wannan lissafin nawa sai in ji ɗaci a bakina.

Baba ya karɓi kwalin, ya zazzage kayan a tafin hannunsa, ya ɗan jijjiga. Ya ce, "Ya yi mini sakayau." Na dake na ce sabon samfuri ne kamfanin ya fitar, yanzu haka suke zuwa. Ya ɗaga kwalin ya kawo shi dab da fuskarsa har yana taɓa hanci, yana ƙanƙance ido yana neman tambarin. Ina tsaye ina kallonsa, na san sarai ba abin da yake gani sai launi. Can ya ajiye kwalin ya ce, "To, tun da kai ka ce." Ya durƙusa ya ɗaura, ya ɗaure kowane noti sau biyu kamar yadda ya saba.

Washegari da hantsi na baro Wagini, mota ta cika fam da wake, mutum shida a saman lodi. Cikinsu har da wani mahauci ɗan garinmu da ya je duba awaki. Na wuce dajin da ake tsoro a guje, na taka birki a ramuka biyu ko uku, na fara jin wani ƙauri amma na yi kamar ba hancina ba. Da muka zo gangaren da ke kai wa wani kwalbati, sai ga amalanken shanu ya gitta hanya. Na taka birki. Motar ta ɗan kama, sai na ji wani ƙas a ƙasa, daga nan ƙarfe ya dinga kuka, sitiyari ya fizge zuwa hagu. Na ja giya, na yi kabbara, muka bugi bakin kwalbatin muka kwanta a rafi.

Allah Ya sa ba a rasa rai ba. Ni goshina ne kawai ya fashe. Amma mahaucin nan buhuna suka danne shi, ƙugunsa ya karye, har yau da sanda yake tafiya, kuma bai sake iya kayar da bijimi ba.

Kafin azahar wasu direbobi suka iso a kan babura, da Baba goye a bayan ɗayansu. Bai tambayi komai ba sai da ya shafa kaina ya ji ina da rai. Sannan ya sa aka kwance ƙafar hagu. Ya zura hannu ya fito da fad ɗin. Fatar ta ɓare daga jikin ƙarfen gaba ɗaya kamar ɓawon rogo. Ya murza ɓarɓashin a yatsunsa, ya kai hanci, ya juyo wajen da nake tsaye. Na sunkuyar da kai. Ya ce, "Allah Ya kiyaye gaba." Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Bayan kwana biyu shugaban tasha ya tara mu, don dangin mahaucin sun taso da zafi suna son sanin laifin wa. Aka ce in yi bayani. Na ce ni dai birki ne ya ƙi, kuma sabo ne fil, orijinal, Baba ne ya ɗaura da hannunsa. Wani ya ce orijinal ba ya yin haka, sai dai in ba a zaunar da shi daidai ba. Wani ya ce, a'a, Baba bai taɓa kuskuren birki ba. Sai na ga idanu sun fara dawowa kaina. A nan ne na yi abin da ya fi sayen jabun muni. Na yi ƙasa da murya kamar mai tausayi na ce, "Kun san dai girma. Idon nasa ne kwanan nan, ni ma don dai amana ce ban faɗa ba."

Baba yana zaune a ƙarshen benci, hannuwansa a kan gwiwa. Shugaban ya ce, "Baba, gaskiya ne ido ya taɓu?" Ya ce, "Gaskiya ne." Aka ce ko yana da abin cewa a kan birkin. Ya ce, "Ni na ɗaura." Aka yi addu'a, aka ce ƙaddara ce, aka ba dangin mahaucin haƙuri saboda furfurar tsohon, aka watse.

Ba wanda ya zage shi. Da ma an zage shi, da ya fi sauƙi. Gaishe shi ake yi da girmamawa, a wuce da motar gindin wata bishiyar. Ni ma da na gyara tawa wani wurin na kai, wai ina jin kunyar haɗa ido da shi. Kullum in na wuce ina hango shi zaune kusa da akwatin sifanoninsa a rufe. Kafin damina ta faɗi ya tattara ya koma Safana wajen babban ɗansa. Ban je sallama ba, na ƙirƙiri lodi na bar gari.

Shekara biyar na yi da abin a cikina. Abin da ya tayar da ni shi ne wata rana a tasha na ji wani sabon direba yana yi wa abokinsa tsiya saboda tayarsa ta kwance, yana cewa, "Kai kuma makahon makaniken nan ne ya ɗaura maka?" Aka kwashe da dariya. Ashe abin da ya rage na mutumin da ya yi shekara arba'in yana tsare rayukanmu ke nan.

Na same shi a zauren ɗansa a Safana, idon ya rufe gaba ɗaya. Muka gaisa doguwar gaisuwa, ya tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Na durƙusa na zayyana masa komai, da shagon, da kwalin, ina kuka kamar ba magidanci ba. Ya bar ni na gama.

Ya ce, "Ai na sani tun a bakin kwalbati. Yatsana ya gaya mini."

Na ce, "To Baba, me ya sa ba ka faɗa ba?"

Ya ce, "In faɗa dangin mahauci su raba ka da motar? Mi zan ce wa ubanka in mun haɗu? Na ce a raina, ɗan abokina ne, tsoro ne ya kama shi, in ya huce zai faɗa da bakinsa. Na jira sati. Na jira wata. Duk motar da ta rage gudu kusa da bishiyar nan sai in ce kai ne." Sannan ya ce, "Abin da ke tsakanina da kai na yafe, duniya da lahira. Amma ɗana, sunana ba a zauren nan ka ɓata shi ba."

Na gane. Ranar kasuwar da ta biyo na tsaya a tsakiyar tasharmu na ce a saurare ni. Na fara magana, sai na lura da fuskokin da ke kallona. Shugaban da ya tara mu ya rasu. Direbobin da suka zauna a wancan taron, wasu sun koma Katsina saboda rashin tsaro, wasu sun sayar da motocin, ɗaya an ɗauke shi a hanyar Runka bai dawo ba. Na dai faɗi komai har ƙarshe. Da na gama, wani ya ce, "Allah Ya yafe mana." Wani kuma ya juya ya tambayi na kusa da shi, "Wane Baba yake nufi?" Sai ɗan kamasho ya ci gaba da kiran fasinjan Yasore.

Yanzu in direba ya tambaye ni tsakanin orijinal da ɗan kwaikwayo, nakan ce masa in lodi yake yi a hanyoyin nan ya jira orijinal ko da sati ne, in kuma ƙarfinsa bai kai ba ya sayi mai dama-dama, ya gaya wa mai ɗaurawa ainihin abin da ya kawo. Amma wannan ƙaramin darasi ne. Babban abin da na koya shi ne gaskiya tana da ranarta da mutanenta. Ranar da aka tara mu ake buƙatar tawa, a gaban waɗanda suka san Baba. Na riƙe ta har sai da ta zama ba ta da amfani ga kowa, sannan na fito da ita don in sauke wa kaina nauyi. Ni na samu yafiya. Shi kuwa har ya koma ga Allah, makahon makanike ake ce masa a tasharmu.