Shekarar da Kaka Ya Kawo Jirgi Tsakar Gida

Shekaranjiya na bi ta Krofrom a ƙafa, sai na wuce wata rumfa inda wani mutum yake liƙe bambar mota. Kafin in ga abin da yake yi, warin ya riga ya shige mini hanci, wari kamar an dama fenti da ɗanyen kifi. Nan take hannuwana suka fara ƙaiƙayi, alhali ko kusa da rumfar ban je ba. In ka taɓa zama gida ɗaya da aikin faiba, wato ƙyallen zaren gilashi da ake liƙawa da danƙo, ka san abin da nake nufi. In ba ka taɓa ba, ka gode wa Allah, ka zauna in ba ka labarin shekarar da kakana ya kawo jirgin ruwa tsakar gidanmu a Zongo.

Ka dai san Kumasi. Ruwan da muke da shi na sama ne da na famfo da na kwata, babu wanda zai ɗauki jirgi a cikinsu. Amma Kaka, mahaifin babana, a bakin kogin Kwara aka haife shi, can Gaya, a gidan masunta. Yana saurayi ya gangaro nan, ya yi dakon goro, ya koma sayar da shi, ya yi aure, ya tsufa. Ban taɓa jin ya yi zancen kogi ba. Wata rana ya tafi Yeji, wani gari a bakin ruwa, ta'aziyya, da ya dawo sai ga shi zaune a saman motar doya, kusa da shi wani kwale-kwalen faiba ɗaure da igiya. Da alama fari ne a da, amma ya koma launin tsohon haƙori. A ƙasansa akwai tsaga mai tsawon hannu, daɓen cikinsa kuwa in ka taka sai ya lotsa kamar jiƙaƙƙen burodi. Samarin unguwa suka karkata shi, suka bi da shi ta lungu yana goge bango, suka ɗora shi a kan tsofaffin tayoyi tsakanin famfo da murhun Mma.

Mma, wato mahaifiyata, waakye, wato shinkafa da wake, take sayarwa a ƙofar gida da safe, a wannan murhun kuma take dafawa. Da shi muke ci, domin babana direban babbar mota ne a hanyar Yamai, sai ya daɗe ba mu gan shi ba. Ita kuwa suruka ce. Tunda ta shigo gidan ba ta taɓa kallon Kaka ido da ido ba, ba ta taɓa faɗa masa abin da ya wuce gaisuwa ba. Saboda haka duk fushin da jirgin nan ya jawo, tukwane suka sha shi, da kaji, da ni. Wata 'yar Asante mai haya a ɗakin kusa da famfo ce kaɗai ta iya tambayarsa, da Hausarta ta kasuwa: "Papa, ruwa zai ci Kumasi ne?" Kaka ya ce mata in ya ci, ita ce za ta fara neman wurin zama.

Aikin ya faɗa a kan Baba ƙarami, ƙanen babana, mai gyaran bodin mota a Magazin, unguwar makanikai. Ya ɗan san faiba saboda motoci, wannan ɗan sanin kuwa shi ya ja masa wahala. Suka fara da ɓamɓare daɓen. Ruɓaɓɓen katako ya fito guntu-guntu, a ƙarƙashinsa wani soso da ya sha ruwa ya yi baƙi, kyankyasai suka watsu cikin gida kamar an tashi kasuwa. Baba ƙarami ya ce ba a sa komai sai cikin jirgin ya bushe ƙayau. A makon ne damina ta sauka. Da an ga rana sai a yaye tamfol, da hadari ya taso sai a rufe, wani lokaci ana tsakiyar cin abinci za ka ji Kaka yana kiran duk mai hannu a gidan. Ban san sau nawa na bar tuwona ya huce saboda tamfol ɗin nan ba.

Da ya bushe, sai aka kawo injin guga, giranda, don a kankare bakin tsagar a goge jikin jirgin. Ƙarar ba ta dame ni kamar ƙurar ba. Farar ƙura ce mai ƙyalli, ba ta jin shara, ba ta jin wanka. Tana shiga tabarma, tana shiga zane, in ka kwanta sai ka ji kamar an zuba maka ƙaiƙayin gero a jiki. Duk gidan muka koma susa, har a sahun salla. Mma ta rufe tukwanenta da faifai da buhu, duk da haka wata safiya wani mai saye ya ɗaga cokalinsa a rana, ya ce me ke walƙiya a cikin miyar. Kafin azahar maganar ta zaga layinmu. Masu saye suka fara wucewa wajen wata mai waakye a bakin titi. Dole Mma ta roƙi maƙwabta ta mai da murhunta gidansu, kullum da asuba ni da ita muna jigilar tukwane da itace da ruwa ta lungu. Tana tafe tana faɗa wa tukunya cewa wasu mutane sun tsufa ba su san sun tsufa ba.

Sannan aka zo kan danƙon liƙin, wanda suke kira ifoksi. Baba ƙarami ya sa aka kawo shi daga Tema, galan biyu, ɗaya mai kauri kamar zuma, ɗaya mai ruwa-ruwa mai wannan warin. Ya yi wa Kaka bayani a hankali: gwangwanin madara biyu na wannan, ɗaya na wancan, a dama kaɗan-kaɗan, a shafa, a shimfiɗa ƙyallen faiba, a danne har kumfar iska ta fita. Kaka ya gyaɗa kai. Washegari, Baba ƙarami na wajen aiki, ya ɗauko babbar tasar Mma ta kayan aurenta da muciyarta, ya zuba da ido, ya dama mai yawa don a gama lokaci ɗaya. Ba a jima ba tasar ta ɗau zafi, ta fara hayaƙi ba wuta a ƙarƙashinta. Kafin ya ankara abin ya daskare kamar dutse, muciya tsaye a tsakiya. Mma ta zo ta tsaya a kan tasar ta dube ta, sannan ta juya ta kori wata kaza da ba ta yi mata komai ba.

Karo na biyu sai ya ce mai warin ne ya yi yawa, ya rage shi. Suka shimfiɗa sabon katakon daɓe, ya shafe shi tas. Wannan kuwa ya ƙi bushewa. Kwanaki suka wuce yana nan daɓe-daɓe, ƙudaje suka manne, 'yan tsaki suka hau suka kasa sauka, sai da aka ciro su ana wanke musu ƙafa da man gyaɗa. Dole aka kankare shi duka da wuƙar fenti da tina, ruwan narkar da fenti. Ranar Baba ƙarami ya ce shi ya bar aikin. Kaka bai yi musu ba. Da safe ya ɗauki buzunsa ya tafi Magazin, ya zauna a ƙofar garejin yana jan carbi a gaban abokan aikin ɗansa, har sai da ɗan ya ji kunya ya biyo shi gida. Daga nan dai aka koma awo da gwangwani, daɓe ya kama, aka kife jirgin a kan tayoyin don a liƙe tsagar ta waje.

Yanzu bari in gaya maka nawa rabon. Ina da gashi a lokacin, mai tsawo, mai cika, shi ne abin taƙamata. 'Yan matan makarantar gwamnati aske musu kai ake yi, mu 'yan Islamiyya kuwa muna barin namu, muna kuma yi musu yanga da shi. Ranar jajibirin babbar Salla na wuni a gaban mai kitso, ta yi mini ƙanana masu kyau, na dawo kaina na zafi har na kasa ɗaura kallabi. Su Kaka sun gama shimfiɗa ƙyalle a kan tsagar sun tafi sallar la'asar. Ragon layya, da aka ɗaure a jikin taya don babu sauran wuri a gidan, ya shige ƙarƙashin jirgin, igiya ta naɗe masa wuya yana ta kakari. Na rarrafa na shiga na kwance shi. Ina ciki na ji wani abu mai ɗumi yana ɗiga mini a ka. Ba su toshe tsagar ta ciki ba. Na sa hannu na shafe, ashe baza shi na yi.

Kafin magariba kitson ya zama itace. Mma ta gwada man gyaɗa, ta gwada kananzir, ta gwada ruwan zafi da sabulu, sai fatar kaina ce ta yi ja. Da safiyar Salla, ana jin kabbarar masu tafiya idi, ta zaunar da ni tsakanin ƙafafunta da almakashi da reza. Ita tana kuka a hankali, ni ina yi da ƙarfi. Da Kaka ya dawo daga idi ya tarar da kitson a ƙasa, ya sunkuya ya ɗauki ɗaya, ya ƙwanƙwasa shi a siminti, ya gwada lanƙwasa shi ya kasa. Na zaci haƙuri zai ba ni. Sai ya kira Baba ƙarami ya ce, "Zo ka gani. Wannan karon haɗin ya kama."

Daga ranar na daina yi masa magana. Tun ina ƙarama amarya yake ce mini, irin wasan kaka da jika, ni kuma in ce ya tsufa da yawa ba na so. Yanzu in ya ce, "Amarya, ruwan alwala," sai in ajiye buta a ƙofarsa in juya. Ban fita yawon Salla ba. Da aka koma makaranta wata ta fizge mini mayafi, aka yi ta tambayata ko na koma ta gwamnati ne. Shi kuwa ko a jikinsa. Yana can yana goge jirginsa da samfefa, yana shafa shi da tafin hannu kamar mai duba doki.

Damina na ja da baya aka gama, aka yi masa shuɗin fenti. Baba ƙarami ya samo motar da za ta kai shi tafkin Bosomtwi. Kaka ya ce ba ya tafiya sai da ni. Na ce ba na zuwa. Mma ta ɗaura mini kallabi da kanta, ta raɗa mini a kunne, "Tafi. In ya nutse ki zo ki ba ni labari."

Bai nutse ba. Mutanen bakin tafkin, da ke kamun kifi a kan guntun gungume, suka taru suka duba ko akwai ƙarfe a jikinsa, don ba sa son ƙarfe ya taɓa ruwansu, sannan suka taya mu turawa. Kaka ya durƙusa ya bi daɓen da tafin hannu daga kai har gindi yana neman laima, bai samu ba. Ya ce in shiga. Da ya kama filafili sai na ga wani mutum da ban sani ba. Bayansa ya miƙe, hannunsa na shiga ruwa ba ƙara, jirgin na tafiya santsi kamar ana jan sa. Amma ba mu yi nisa ba numfashinsa ya fara sama-sama. Ya ajiye filafilin a cinya. Jirgin ya ɗan ƙara gaba, ya tsaya cik. Tsaunuka kewaye da mu, ruwa kwance kamar a kwano. Ya daɗe yana jira, ban san abin da yake jira ba, sannan ya ce, "Amarya, ruwan nan ba ya tafiya. A can gida in ka gaji sai ka ajiye hannu, kogi ya ɗauke ka."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Saboda wannan aka aske mini kai?"

Ya dube ni, ya ce, "Ai ya fara tsirowa."

Da muka fito gaɓa, wani mutum daga ƙauyen tsallake yana ta zagaya jirgin, yana cewa da suna da irinsa da ba a ɗaukar marasa lafiya a baya a zagayo ta kan tsauni. Kaka ya miƙa masa filafilin, ya ce ya riƙe har jirgin. Baba ƙarami ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Haka muka dawo, mota ba komai a bayanta.

Mma tana tsakar gida tana wanke wake. Ta dubi bayanmu, ta dubi lungu, sannan ta yi abin da ban taɓa gani ba: ta ɗaga kai ta kalli surukinta. Ta ce, "Baba, ina jirgin?" Ya ce, "Na bayar." Ta share hannunta a zane a hankali, ta ce, "Da kun faɗa tun farko, ai da mun bayar da shi da ruɓarsa." Kaka ya yi kamar bai ji ba, ya shige ɗaki. Washegari murhu ya dawo gida, amma sai da aka daɗe kafin masu saye su dawo duka.

Bai ƙara zancen jirgi ba har Allah ya ɗauki ransa. Gidan yana nan, sai dai babu tsakar gida kuma. An gina ɗakunan haya a wurin, abin da ya rage ɗan siririn lungu ne da mutum biyu ba sa wucewa tare. Tsofaffin yanzu ɗaki muke ba su da talabijin da waya, mu ce suna hutawa, ba mai barin su su cika wa mutane gida da shirme. Na sha cewa hakan ya fi, har yanzu ma ina ganin ya fi. A watan jiya Baba ƙarami, wanda yanzu furfura ta rufe shi, ido kuma ya fara gazawa, ya zo gidana a Atonsu. Bayan mun gaisa ya ce ya ga wani tsohon injin mota da aka yar, yana jin zai iya tayar da shi, ko ina da ɗan wurin da zai ajiye. Na ce babu. Ya ce to, ya ɗauki hularsa ya tafi. Akwai fili a bayan kicin, shi ma ya gan shi. Har yau ban kira shi ba, kuma duk lokacin da na tuna sai raina ya ɓaci, don na san abin da zai biyo baya: baƙin mai, da ƙara, da tasoshina. Na dai sa an share wurin.